Sodangi da Kafaɗar Mudi

"Dubu hamsin a wata, kuma ban da kuɗin man babur," in ji Sodangi. "In lauya ya taya ƙasa da haka, ko kujera ba ni ba shi."

A bakin wani asibitin kuɗi na Kaura Namoda yake wannan cika baki, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara. Shekara goma sha takwas yana aikin nas a nan, albashinsa dubu tara. To, ya ji ana cewa yanzu duk wanda aka ji wa rauni zai iya neman diyya a kotu, sai gogan naka ya ce ai lauyoyi sun san doka amma ba su san ƙashi ba, dole su nemi irinsa.

Sista Esther, shugabar ma'aikatan jinya, ta karɓi takardarsa ta ajiye aiki tana jujjuyawa.

"Malam Sodangi, lauya nawa ne a Kaura duka?"

"Sista, in sun ji labarina za su ƙaru."

Ya kama shago kusa da tashar jirgin ƙasa, ya sayi kwat ta gwanjo wadda hannunta ya wuce yatsunsa, ya sa aka rubuta masa allo: Mashawarcin Lauyoyi Kan Raunuka. Wata biyu cur, in ka ga mutum ya leƙo, to allura yake so a yi masa. Sodangi ya kore shi, wai shi ya daina taɓa jikin mutane, yanzu da biro yake aiki. A gida kuwa buhun gero ya kusa ƙasa, matarsa Uwani ta daina ce masa sannu da zuwa.

Ran nan sai ga Barista Mahmuda daga Gusau, ya zo da wani manomin Zurmi mai suna Mudi, hannunsa na dama a rataye cikin tsumma. Kwana goma da suka wuce bijimin wani falken shanu, Alhaji Hayatu, ya make shi a kasuwar Shinkafi. Idan har hannun ya mutu, rabin diyyar rai ke nan, kuma Barista yana da kasonsa a ciki.

"Ka tabbatar wa alƙali, sai mu yi maganar albashi," in ji Barista.

Sodangi bai ko tashi daga kujera ba. Daga bayan tebur ya hango hannun, ya girgiza kai, ya cika shafi huɗu da Turanci.

Ranar zama a Shinkafi kotu ta cika. Sodangi uban masana ya miƙe cikin kwat, gumi na bin wuyansa.

"Allah shi gafarta Malam, hannun ga ya gama aiki. Ko Ingila aka kai shi, sai dai a maido shi haka."

Alƙali dattijo ne marar gaggawa. Ya ce, "Ni ban jin Turancin takardarka. Matso ka gwada mani inda ya mutu."

Nan fa aka zo wurin. Sodangi ya kwance tsumman, ya ɗora yatsu a kafaɗar Mudi. Ka san hannun da ya shekara goma sha takwas yana abu ɗaya ba ya jiran izinin mai shi. Yatsun nan suka laluba, suka ji kan ƙashin ya goce daga gurbinsa. Mudi ya yi nishi, sai bakin Sodangi shi ma ya koma bakin aiki.

"Haba, ƙato da kai, ba komi ba ne. Saki jikinka. Dubi bango."

Ya riƙe gwiwar hannun, ya murɗa a hankali, ya ja. Ji kake ƙas. Mudi ya ƙwalla ƙara, ya ɗaga hannun nan da aka ce ya mutu har sama, ya shaƙe wuyan kwat ɗin Sodangi da shi.

"Wa ya aike ka? Kwana da kwanaki ina ɓoyon hannun ga kada mai ɗori shi gani."

Kotu ta kece da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya dafa bango. Alƙali ya yanke wa Mudi kuɗin jinya da na kwanakin da bai je gona ba, ya yi wa Sodangi addu'ar samun lada. Barista Mahmuda ya tattara takardunsa ya shige mota. Sodangi ya bi shi yana cewa ko dubu ashirin ma a yi magana, gilashi kawai ya ga an ɗaga.

Yana tsaye a rana, kunya kamar ya nutse, sai Alhaji Hayatu ya dafa shi, baki har kunne.

"Malam, ni ina son aikinka. Albashi duk wata."

Sodangi ya gyara wuyan kwat. "A matsayin mashawarci, ko?"

"A'a. Shanuna na yawan gocewar ƙafa in ana loda su a mota."

Sodangi ya yi niyyar yin zuciya, sai ya tuna fuskar Uwani. Ya rage murya.

"Nawa ne, Alhaji?"

"Abin da nike ba makiyayi. Sai dai shi yana kwana da su, kai dole in rage maka kaɗan."