Yadda Ake Saukar Baƙon da Ya Zo a Leda

Kai da ka sayo kifin beta, ɗan mitsitsin nan mai jela kamar babbar riga, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun masani. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kifinka zai saba da akwatinsa na gilashi har ya fi ka jin daɗin gidan. Ni dai ban taɓa kiwon kifi ba, amma katangarmu ɗaya da Sha'aibu tela a Boɗinga, kuma katangar gajera ce.

Mataki na 1: Nemi dalili

Mai hankali ba ya sayen kifin da ba a ci sai da dalili. Dalilin Sha'aibu shi ne matarsa Zulaihatu, wadda aka kawo masa daga Horo Birni bayan girbi. Gidan iyayenta cike yake da mutane, a nan kuwa daga ita sai bango. Shi zai fita shago da safe, daga shago ya zarce majalisar mai shayi, ya dawo ya ci tuwo ya bi lafiyar katifa. Yarinya ta rame, ta daina magana. Rannan ta ce, “Malam, ina son in tahi gida in gano su Inna.”

Ya duba ƙullin kayan da ta ɗaure, ya ga har da tukunya. Ya san mai zuwa gaisuwa ba ta tafiya da tukunya.

Wani sakarai zai zauna ya tambaye ta abin da ke damun ta. Kai ka wuce nan. Hau mota zuwa cikin Sakkwato, ka sayo mata abokin hira wanda ba ya magana.

Mataki na 2: Kada ka juye shi farat ɗaya

Ɗora ledar a kan ruwan akwatin yadda take a ɗaure, har ɗumin ruwan biyu ya zo daidai. Sannan ka kwance, ka riƙa zuba masa ruwan sabon gida cokali-cokali. Haka mai sayar da kifin ya ce, haka kuma Sha'aibu ya karanta wa Zulaihatu, yana ɗaga yatsa kamar shi ya ƙirƙiro ilimin.

“In anka ɗauko shi daga ruwan da ya sani anka jehwa wani, hirgita kaɗai na iya kashe shi.”

“Ashe?” in ji Zulaihatu.

“Ƙwarai. Baƙo na, ba a yi mai gaggawa.”

“Allah sarki,” ta ce, ta koma madafa. Ita dai a mota aka kawo ta aka juye, da safe aka nuna mata inda murhu yake.

Mataki na 3: Tsare shi daga danginka

Wannan shi ne mataki mafi haɗari. Kifin beta ba ya son hayaniya, ba ya son haske mai yawa, kuma ɗan faɗa ne, ko kansa ya gani a madubi sai ya ja daga. Saboda haka kawar da madubin matarka. Me za ta gani a ciki da ya fi lafiyar kifi?

Maƙwabta za su zo yi maka barka, kowa da guntun ƙuli-ƙuli a hannu, don a garin nan ba a kallon baƙo a bar shi da yunwa. Tsaya a bakin ƙofa ka tare su. Inno, mahaifiyar Sha'aibu, ita ce ba ta taruwa. Ta shigo ta leƙa, ta sake leƙawa.

“Mi na na wanga?”

“Kihi na, Inno.”

“Wanga ko ɗanɗanon miya ba shi yi. Kuma kab bar shi shi kaɗai? Bari in sa a kawo mai ’yar tarwaɗa daga dam ɗin Shagari, su riƙa hira.”

“A'a Inno, don Allah! Shi ya hi son zama shi kaɗai.”

“Wa yag gaya maka? Ba abin da Allah ya yi da rai da ka son kaɗaici.”

Daga madafa aka ji bugun turmi ya ƙara ƙarfi. Kada ka kula, dakan yaji ne.

Mataki na 4: In ya ƙi cin abinci, tayar da hankalinka

Sabon kifi yakan lafe a kusurwa, launinsa ya kwashe, ya naɗe jela, ka jefa masa ƙwayar abinci ya bi ta da kallo har ta nutse. Mai kifin zai ce a waya wai haka suke yi kwanakin farko. Kada ka yarda, shi ya riga ya sayar.

A ranar Sha'aibu ya yi abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi: ya ƙi zuwa majalisa. Ya shimfiɗa tabarma gaban akwatin bayan la'asar ya zuba ido. To, kallon kifi mai fushi akwai gundura, kuma ba kowa a kusa sai matar gida.

“Zulai, ku can Horo Birni in akuya ta ƙi ci, mi kuka yi mata?”

Ta gaya masa. Daga akuya aka koma gonar albasar babanta, daga nan aka shiga labarin ƙanwarta da jaki ya yar a gaban masu neman aurenta. Sha'aibu ya yi dariya har ya tuna kifi ba ya son ƙara, ya toshe baki. Bai san tana da labari haka ba. Ina zai sani, shi da ke dawowa da barci a ido?

Mataki na 5: Bar wa iyali kulawar rana

Kwanaki za su wuce. Launin kifi zai dawo, jela ta buɗe, amma da ka jefa abinci da yamma sai ya juya maka baya. In ka ga cikinsa ya yi tulu, kumburin damuwa ne, mu masana mun san shi.

Sha'aibu ya koma rufe shago da wuri. Mode, abokinsa na majalisa, ya kira shi: “Tela, lahiya? Ko mu zo gaisuwa?” Sha'aibu ya kashe waya. Kullum yana cire takalmi yana tambaya, “Ya ci?” Kullum Zulaihatu ta girgiza kai cike da alhini: “Bai saba ba tukuna.”

Mataki na 6: Kada ka dawo gida ba sanarwa

Nan Sha'aibu ya yi kuskure. An ɗauke wuta a shago da azahar, ya taho gida, ya ɗaga labule ba sallama.

Ga Zulaihatu durƙushe gaban akwatin, ƙwayar abinci a kan yatsa, kifi na tsalle yana wawura kamar wanda ya kai azumi.

“Ci maza ka ƙoshi,” take ce masa ƙasa-ƙasa. “In ya dawo ka ɗaure mai huska irin ta jiya. Kai kaɗai ka iya riƙe min shi.”

Da farko ransa ya ɓaci. An mayar da shi abin dariya a majalisa saboda kifin da ke ƙoshe! Sai kuma kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa. Ta juyo ta gan shi, ta ɓoye yatsan a bayanta.

“Ya ci?” ya tambaya.

Ta sunkuyar da kai. “Bai ci ba.”

“Haka nig gani.” Ya zauna a bakin tabarma, sannan ya ce, “Ke hwa, kin ci?”

Gargaɗi

Na wanke hannuna daga duk abin da zai biyo baya. In wani ya gaje maka benci a wurin mai shayi, in aka laƙaba maka mijin-ta-ce, in ka wayi gari kana ɗauke da matarka a babur zuwa Horo Birni ku gaisa ku dawo tare kafin magariba, ba da yawuna ba, ni kifi na koya maka. In kuma kifin ya mutu, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa, nemi Sha'aibu. Na ji shi ta kan katanga yana tambayar mai kifin ko akwai wani, wanda ya fi wannan wuyar sabo.