Ni da Agwagwar Dattijo Bernard

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Yaya Hadiza ta naɗa ni mai binciken halal ba. Ni dai mai sayar da shadda da atamfa ne a unguwar Château Rouge ta Paris, kuma duk farautar da na taɓa yi a duniya ba ta wuce kashe sauro da silifa ba. Amma ni namiji ne, kuma ƙaninta ne, to a wurin Yaya wannan ya isa mutum ya zama malami da alƙali da ɗan sanda a rana guda.

Abin da ya faru shi ne, 'yarta Nafisa, mai shekara goma sha shida, ta kamu da son farautar agwagwar daji. A Lyon suke zaune su biyu tun bayan rasuwar mijin Yaya. Wata ƙawarta ta makaranta ce ta fara kai ta wurin kakan ita ƙawar, wani dattijo Bafaranshe mai suna Bernard, mai tafki a ƙauye bayan gari. Yarinya ta dage ta yi horo, aka ba ta iznin da ake ba matasa na yin farauta a gaban idon babba, bindiga ɗaya tsakaninsu. Dattijon ya yarda ya tsaya mata. Tun rasuwar ubanta ba a ga abin da ya dawo mata da dariya ba sai wannan, amma hankalin Yaya bai kwanta ba.

Ta kira ni a waya, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba. "Auta, ka hau jirgin ƙasa ka zo ka gane mini da idonka. In mushe suke ci, ko wurin yana da haɗari, wallahi ta gama. Abin da ka ce shi zan yi."

Kai, na ji kaina ya yi girma! Na je wurin mahaucin da ke maƙwabtaka da shagona, na sa ya wasa mini wuƙa har tana aske gashin hannu. (Ya tambaye ni ko rago zan yanka, na ce masa aikin addini ne ya kai ni Lyon.)

Na sauka Lyon, washegari bayan sallar asuba muka shiga motar Dattijo Bernard, ni a kujerar gaba, Nafisa a baya, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Karensa yana bayan mota yana huci a ƙeyata, ni kuwa ina ta tattare rigata. Nafisa ta matso ta ce a hankali, "Kawu, don Allah, s'il te plaît, kada ka motsa daga inda aka ajiye ka. Kuma akwai wasu agwagi da za ka gani a kan ruwa, su..."

Na ɗaga mata hannu. "Ke! Ni za ki koya wa daji? Ina Maradi ina yawo a gonaki ko auren uwarki ba a yi ba." (Gaskiya ne na yi yawo a gonaki. Satar mangwaro muke zuwa.) Ta haɗiye maganarta.

Muka ɓuya a wata 'yar bukkar ciyawa a bakin tafki. Sauran maharba suna can a nasu wuraren, kowa shiru. Da gari ya fara wayewa sai na hango agwagi 'yan kaɗan a gabanmu, suna ta kuka abinsu, ƙiba-ƙiba da su. Na zunguri Nafisa. "Ga su nan! Harba mana!"

"Waɗannan ba na harbi ba ne, Kawu. Chut, yi shiru."

Na ce a raina, to, ga iyayin Turawa ya fara. Nama ya kawo kansa har gabanka, sai ka jira ya tashi sama tukuna.

Can sai ga wasu tsuntsaye sun taso ta samanmu. Ta ɗaga bindiga, ta bi su da ita, sai kuma ta sauke. Takaici ya kama ni, na ce me kuma ya faru? Ta raɗa mini cewa hazo bai bar ta ta gane irinsu ba, kuma akwai waɗanda doka ta hana a taɓa. In ba ta tabbata ba, ba ta harbi. Na ga gashin bakin dattijon ya ɗan motsa. Ni kuma na fara shirya rahoton da zan kai wa Yaya: babu haɗari, babu mushe, babu ma nama.

Sai ga wani namijin agwagwa mai koren kai ya zo shi kaɗai, a sarari. Dattijon ya gyaɗa kai. Na ji Nafisa ta yi bisimilla, bindiga ta tashi, tsuntsu ya karyo ya faɗa bayan dogayen ciyayi. Wallahi sai da na ji alfahari ya cika mini ƙirji, 'yar yayata ce fa!

Amma a daidai nan na dubi karen. Jikinsa yana rawa, yana jiran a ba shi umarni. Kuma daga wajen ciyayin ina jin fuka-fuki suna dukan ruwa. Lissafi ya zo mini nan take: tsuntsu yana da sauran rai, in kare ya riga ni zai karya masa wuya, shi ke nan an yi mushe, kuma a gaban idon mai binciken halal. Ban san lokacin da na zaro wuƙa na faɗa tafki ba.

Sanyin ruwan nan, ko yanzu na tuna sai haƙorana su haɗu. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka na bar shi. Na ji ana busa usur, na ji ihu a bayana, na ɗauka kirari ake yi mini. Na kutsa har ruwa ya kai mini cinya, na tarar da agwagwa tana fafutuka, na danƙe ta. Wani zare ya naɗe mata ƙafa, na fizge shi, ina cewa Allah sarki, ga harbi ga tarkon masunta. (Ban tsaya na tambayi kaina ba yaya aka yi mai koren kai ya koma launin ruwan ƙasa, kuma babu ɗigon jini a jikinsa.)

Sai ga matsala. Ina alƙibla? A shago na san ta, wajen akwatin wuta take. A tsakiyar tafki cikin hazo kuwa ko'ina iri ɗaya ne. Ni kuma da na zo gyara addinin mutane, ai ba zan yi yankan ganganci ba. Na maƙale agwagwa a hammata, na ciji wuƙa da haƙora, na zaro waya ina neman kibiyar nan mai nuna alƙibla. Kibiya ta ƙi tsayawa, ni ma na shiga juyawa da ita, agwagwa tana tsattsagar kunnena.

Ina cikin juyin nan kare ya wuce ta gabana yana iyo, da mai koren kai a bakinsa, ya ɗaga shi sama a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ko kallona bai yi ba.

Na dubi kare, na dubi abin da ke hammatata. Sannan na juya na dubi gaɓa. Duk maharban sun fito daga maɓoyansu, bindigogi a buɗe a kan hannu, sun jeru suna kallona. Dattijo Bernard ya shigo ruwa har gwiwa, hannu biyu a sama, yana ihu, "Joséphine! Joséphine!" A nan wayar ta suɓuce ta nutse.

Ashe Joséphine agwagwarsa ce ta gida, tun tana ƙwai yake renonta. Ita da 'yan'uwanta ake ɗaurewa a kan ruwa su yi ta kuka, na daji su ji su sauko. Abin da yarinya ta so ta gaya mini a mota ke nan. Da na san inda alƙibla take, da tuni na yanka wa bawan Allah abokiyar hirarsa.

Na fito ina ɗingishi da takalmi ɗaya, na miƙa masa ita da hannu biyu. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Wani dogon maharbi ya ce da zafi, mutum ya ratsa gaban bindigogi, kuma wadda ta kawo shi ita ke da alhaki, don haka kada ta sake taka wurin. Na dubi Nafisa. Idonta ya cika da hawaye, amma ba ta ce laifina ba ne. Cewa ta yi, ya kamata ta tilasta mini in saurara kafin mu fito daga mota. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na zo ne in ga ko wani zai cutar da ita, ga shi ni na kashe mata abin da take so.

Dattijon ya gama duba fuka-fukan Joséphine, sannan ya yi magana. Ya ce lokacin da na faɗa ruwa wasu agwagi sun taso ƙasa-ƙasa daidai saman kaina, irin damar da matashi ke mafarki, bindiga kuma tana kafaɗar yarinyar. Kafin shi kansa ya ankara ta sauke, ta buɗe bindiga, ta cire harsashi, ta fizgi usur daga wuyansa ta busa don kowa ya tsaya. Ya ce ya san manya da ba za su yi haka ba. Yarinya tana nan daram. Kawunta ne dai ba ya so ya sake gani kusa da ruwa, ko da na famfo ne.

A hanya Nafisa ta bayyana mini cewa tuntuni ta tambayi limaminsu: in ta yi bisimilla ta harba, tsuntsu ya mutu da harbin, ya halatta, in kuma an same shi da rai tana da 'yar wuƙarta a aljihu. Na ce madalla, ina kallon taga.

Yaya ta buɗe ƙofa ta gan ni cikin wandon aro na Dattijo Bernard, wanda ya tsaya mini a ƙwauri. Nafisa tana bayana, ko numfashin kirki ba ta yi.

"Auta, lafiya? To, me ka gani? Naman halal ne?"

"Halal ne, Yaya. Ki bar ta ta ci gaba."

"Wurin fa, babu haɗari?"

"Akwai guda ɗaya," na ce, "amma sun kore shi. Gobe zai koma Paris."

Na koma da mura mai tsanani, babu waya, da darasi ɗaya: furfura tana sa a ba ka kujerar gaba a mota, amma hankali yakan zauna a kujerar baya, yana jiran ka yi shiru.