Rasuwar Faifai Mai In'ina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, ni Anatole Ferrandou, dattijon mazauna gidan gahawar Madam Hortense da ke Decazeville, nake sanar da rasuwar faifan garmahonmu, wanda bayan doguwar jinyar tsufa ya faɗo daga kanta ranar Talata ya rabe biyu.

Marigayin ya zo garin nan a zamanin iyayenmu, ɗauke da waƙar nan ta ban kwana da duk Faransa ta haddace. An yi ta a rediyo, an yi ta a manyan zaurukan Paris, mawaƙa na mutuwa suna bar wa na baya ita. Amma a bakinsa kaɗai take da in'ina. Tun ranar da wani mahaƙin kwal ya karce shi da maɓallin riga, in ya iso kalmar "gobe" sai ya cije: "gobe, gobe, gobe," ba ya wucewa sai an daki teburin da garmahon ke kai. Haka muka koye ta. Haka muke rera ta a bikin aure, haka muka rera ta a bakin ramin kwal lokacin yajin aiki, muna dukan hulunan kwano saboda babu tebur.

Ya rasu ya bar garmaho cikin takaba, da kwalin alluran garmaho marayu, da gari guda wanda bai san wata hanyar rera waƙar ba.

Labari ya iso mini cewa Corentin, jikan Madam Hortense, wanda ya karanto kiɗa a Toulouse, yana yawo yana cewa wai tsofaffi sun ƙare rayuwarsu suna waƙar kuskure, wai tunda an huta da faifan zai sa mana ta gaskiya daga wayarsa. Ina tunatar da shi cewa kakansa Firmin ya taɓa karya yatsa wajen dukan teburin nan, bai kuma yi nadama ba. An taɓa kawo mana sabon faifai a zamanin tsohon magajin gari. Yana nan, tukunyar fure ake ɗorawa a kansa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan tashin kasuwa, ƙarƙashin itacen ɓauren da ke bayan gidan gahawa. Akwai burodi da cuku da jan ruwan inabi. Waya ta zauna a aljihu. Za a fito da tebur, kuma kada kowa ya taɓa shi sai Corentin. Za mu rera waƙar, mu tsaya a kan "gobe" har sai ya doke shi, ko da za mu kai Lahadi.