Jan Baki a Kumatun Gaetan

"A gaida gida, Madam Roselyne. Ɗaya kuncin ma za ki yi? To ga shi nan, ai ba inda zai gudu."

Fernande ce ke wannan sallama a ƙofar silimar garinsu da yammacin Lahadi, hannunta a kafaɗar jikanta Gaetan. Tun da babur ya kayar da shi bara waccan, daga wuyansa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi, da haɓa yake tuƙa kekensa na lantarki. Daga nan mutanen gari suka daina sunkuyowa su sumbaci kumatunsa yadda aka saba gaisawa. Sai su tsaya ƙiƙam su tambayi kakar, "Yaya jikin nasa?" alhali ga mutum nan da kunnuwansa. Abin ya ci masa rai har ya daina fita. Da ƙyar ta jawo shi kallon wannan fim na wani mai irin lalurarsa, shi ma sai da ya gindaya mata sharaɗi: in aka yi masa kallon tausayi yau, shi da waje har abada.

Ga shi an tashi, jama'a sun yi layi sun sumbace shi, masu hawaye da masu majina, fuskar bawan Allah ta yi kaca-kaca da jan baki.

"Tsohuwa, goge min fuska."

"In goge me? Tun da aka haife ka mata ba su taɓa yi maka layi ba sai yau."

"Waɗannan ne matan? Ƙaramarsu ajinku ɗaya a firamare. Ta ƙarshen nan har haƙoranta na roba na ji sun motsa."

"Ka ji mara godiya! Ni da na yi ɗawainiyar kawo ka."

"Kin kawo ni ko kin zo barci? Ana rubuta sunayen 'yan wasa kika fara minshari."

"Kuka nake yi, ɗan nema."

"Da baki buɗe? Na bayanmu ya zaci injin kekena ne ya lalace, har ya leƙo zai taimaka."

Ta kai masa dundu a kafaɗa, duk da ta san ba ji zai yi ba. Barci kam ba ta yi ba, idonta na kansa tun daga farko. Akwai wurin da wani baƙo ya zo duba mutumin fim ɗin yana ta ɗaga masa murya kamar mai kiran awaki, shi kuwa ya ce masa ƙafafunsa ne suka mutu, ba kunnuwansa ba. Silima ta yi tsit. Dariya na cin kowa, amma sai satar kallon Gaetan ake yi, ana tsoron a yi abin kunya. Shi ne ya fara ƙyalƙyalewa, irin dariyar da ta manta yana da ita, sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya har da masu buga kujera. A lokacin ji ta yi kanta ya yi girma, kamar ta miƙe ta ce jikanta ne.

"Dariyar nan ma a wurina ka gada," in ji ta.

"Allah ya kiyaye. Taki kamar ƙofar gareji mai tsatsa."

"Da ita na sace zuciyar kakanka."

"Shi ya sa ya kurumce da wuri, ya huta."

"To sarkin baki, fim ɗin ya yi ko bai yi ba?"

"Rabinsa ƙarya ce. Ina aka taɓa ganin mai jinyar da ba ta zuba wa mutum miya a wuya? Ke kullum rigata ce ke ƙoshi kafin ni."

"Don ba ka rufe baki ne a ga inda za a sa cokali. Da ni suka ɗauka a fim ɗin, da yanzu ina Paris ana ba ni kyauta."

"A matsayin me? Kujerar asibiti?"

Ta yi dariya, amma abin da ke ranta na nan. Ta gyara masa wuyan riga, ta sassauta murya.

"Maganar sharaɗin nan naka fa?"

"Kallon tausayi kam an yi min. Madam Roselyne ta jiƙa min kwala sharkaf."

Gaban Fernande ya faɗi. Ba ta ce komai ba, ta buɗe jaka ta ciro hankici, tana tunanin labulen ɗakin nan da zai koma a rufe.

"Amma kin ga Firmin mai biredi?" in ji shi. "Ni ya tambaya, ba ke ba. Ya durƙuso ya ce, 'Gaetan, wai haka abin yake?' Na ce an dai taɓa. Ya ce in same su a dandali wurin shan kofi in faɗa musu sauran. Kai, kai, kada ki taɓa min fuska!"

"Ba kai ka ce in goge ba?"

"Na fasa. Haka zan je, 'yan dandali su san ni ma ina da kasuwa. Ke dai kishi ne ke damunki, ko mutum ɗaya bai sumbace ki ba."

Tsohuwa ta tuntsure da dariya har hawaye, hankicin ya ƙare a nata idon. "Ka ci ni, ja'iri. Kofin yau ni zan saya."

Kafin ta rufe jaka ya danna haɓa, keke ya zabura ya nufi dandali, kansa a sama. Ta tattare siket ta bi shi tana haki.

"Ka jira ni mana! Ni ƙafafuna ba su da batir!"