Ƙullin da ke cikin firizar Kaka Lin

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da cikina ya kusa raba ni da aikina ba. Ina kula da wata tsohuwa 'yar China a Bronx, ina ce mata Kaka Lin. Likitar gargajiya ce kafin ƙafafunta su gaza. Ni kuwa tun da na baro Kano cikina ya ƙi jinin New York, kullum kumburi da murɗa. Na yi ta fashin aiki har kamfanin da ya tura ni ya ce in na ƙara, in nemi wani wurin.

Wata rana Kaka ta ce in zaro harshe. Ta duba, ta riƙe wuyan hannuna tana jin bugun jinina, sannan ta ce ta haɗa min magani yana kicin, in tafasa in sha safe da yamma da zafinsa. Na shiga, na buɗe firiza, sai ga leda cike da ɓawo da ganyayyaki. Na sunkuce ta. (Wanda ya tashi da sassaƙen kasuwar Kurmi ba ya tsayawa tambayar abin da ya sa magani ya yi muni.)

Ga ɗaci, ga bauri, ga warin ƙasa. Na ce lallai wannan na gaske ne. Abin mamaki kuma, cikin ya lafa. Don karambani har na ɗura wa Hajiya Adiza a kwalba, 'yar Kumasi da nake haya a gidanta a Grand Concourse. Ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, “'Yata, wannan medicine ya yi strong. Mutanen nan ba su wasa.”

Ranar Asabar na tura Kaka a kekenta zuwa lambun unguwa, Hajiya ta biyo mu don ta yi godiya. Mutane sun kewaye wani tarin shara suna zazzage ledoji. Kaka ta juyo ta ce, “Ina ledata ta firiza? Na daɗe ina tara wa tsutsotsin tarin nan abinci.”

Ashe a garin nan ɓawon ayaba da na ƙwai da guntun kayan miya a firiza ake adana su don kada su yi wari, sannan a kawo lambu su zama taki. Maganina yana can kan teburin kicin cikin takarda, ban ko taɓa shi ba. Hajiya, da kwalbar a hannunta, ta kalle ni kawai. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kaka ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in cusa hannu cikin tarin. Ƙanƙara ta rufe ko'ina, amma hannuna na shiga na ji zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, ga tururi yana tashi. Babu wuta, babu rana. Na manta da kunyar ma, sai tasbihi nake yi.

Ta ce a iliminsu haka ciki yake: da ɗumi yake ruɓar da abinci ya nuna, har jiki ya samu rabonsa. “Ke kuma kullum kina kwara masa lemo mai ƙanƙara. Da kika koma ruwan zafi, ga ɓawon citta da na lemo a ciki, sai ya farfaɗo. Ɓawon ƙwan ne dai ba na rubuta wa kowa.”

Aikina ya tsira. Hajiya kuwa ta daɗe tana amsa gaisuwata da ka. Na yarda cewa Wanda ya ajiye ɗumi cikin shara a tsakiyar ƙanƙara yana iya ajiye waraka cikin wautar baiwarsa. Amma dai, jama'a, a riƙa tambaya kafin a tafasa.