Injin da Ke Tsoron Manaja

Wani ne yake aiki a wata masana'antar niƙa hatsi. Aikinsa bai wuce ya tsaya gaban wani tsohon inji ba, ya zuba masa mai, ya share masa ƙura, in an tashi ya kashe shi. Shekara tara suna tare, har ya fi sanin tarin injin nan a kan tarin 'ya'yansa.

Rannan sai masana'anta ta ɗauko wata injiniya. Ta zo da wata 'yar baƙar na'ura, ba ta fi kwalin ashana girma ba, da maganaɗisu a gindinta. Ta manna ta a jikin injin, ta zaunar da mutumin ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce na'urar tana sauraron jijjigar inji ne, ta aika wa kwamfutarta can ofishin bene. Ita kuma kwamfuta ta tankaɗe jijjigar kamar yadda ake tankaɗe gari, ta ware ƙugin lafiya daban, na ciwo daban. In boris, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya fara cinyewa, tun kafin kunnen mutum ya ji, layi zai fara tashi. Ta kuma rataya masa wani ɗan allo a bango don shi ma ya riƙa ganin layin.

Manaja, wani mai teɓa da ba ya dariya, yana tsaye yana saurare. Da ta gama sai ya ƙara da nasa, ya ce daga yau duk injin da ya lalace a hannun mutum, to tare za su fita.

Duk bayanin Injiniya ya bi iska. Abin da ya zauna a kan mutumin kawai shi ne, in layi ya tashi, abincinsa ya ƙare.

Kwana uku layi yana tafiya daidai. A na huɗu sai ya fara ɗaga kai. Mutumin ya ƙara wa inji mai, layi ya ƙara tashi. Ya shafa masa baya, ya ce, "Haba tsoho, rufa mini asiri mana." Layi ya ƙara tashi. Da ya ga rarrashi bai ci ba, sai ya waiga dama da hagu, ya ɓamɓare na'urar ya manna ta a ƙarfen taga. Ya sami kwalin ashana ya shafe shi da baƙin mai, ya liƙa a gurbinta.

Layi ya kwanta shame-shame, ko motsi babu. Mutumin ya yi ajiyar zuciya.

Bai gama ajiyar ba sai ga Injiniya ta sauko da sauri tana tambayar wa ya kashe inji. Ta tarar yana ta ƙugi abinsa. Ta dubi allo, ta dubi inji, ta ce lallai saƙo ne ya katse a hanya, domin ko lafiyayyen inji dole ya ɗan yi karkarwa, layi a kwance sai gawa. Ta koma bene don ta duba kwamfutarta.

Mutumin ya ce a ransa, ashe ɗan motsi ake so, ba mai yawa ba. Ya duba ɗakin, ya ga fanka a kusurwa. Ya manna mata. Layi ya ɗauki wata tafiya mai sanyi, gwanin sha'awa. Washegari Injiniya ta yaba masa a gaban mutane, ta ce ba ta taɓa ganin tsohon inji da numfashin sabo ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ai kulawa ce.

Ba a yi mako ba zafi ya matsa, Manaja ya aiko a kai masa fankar ofis. Da ƙyar mutumin ya cire na'urar kafin a ɗaga ta. Ya rasa inda zai sa, sai ya jefa ta aljihun ƙirjinsa. Da ya ɗaga kai ya dubi allo, sai ya ga layi yana ɗan tsalle a hankali, dif, dif, dif. Ba gawa ba, ba hauka ba. Ya ce to, madalla, nan za ki zauna.

A bene kuwa Injiniya ta shiga uku. Injin da ke juyawa sau dubu da ɗari biyar a minti, ga shi yana bugawa sau saba'in da wani abu. Ta tankaɗe, ta sake tankaɗewa, ta buɗe littattafai, babu ciwon da ya yi kama da wannan. Dab da lokacin cin abinci sai wani gurnani ya taso daga ƙasa. Bayan an ci abinci kuma sai wata doguwar ƙara mai ja da saki, kamar ana yankan katako da zarto, daidai lokacin da gogan naka yake kishingiɗe a kan buhuna. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, duk sanda Manaja ya ratsa ɗakin, bugun yakan ninka.

Ta roƙi Manaja ya taimaka a yi gwaji. Ya ratsa ɗakin sau uku, sau uku layi yana hawa. Ta ce masa cikin ladabi mai yiwuwa nauyinsa ne ke girgiza daɓe. Kwana biyu bai amsa gaisuwarta ba.

Shi kuwa tsohon inji, babu mai sauraronsa. Ƙuginsa ya koma kuka, kukan ya koma kururuwa. Duk wanda ya ce da mutumin anya injin nan lafiya, sai ya nuna masa allo ya ce, "Kai ka fi kwamfuta sani?"

Bayan mako uku Injiniya ta kammala rahotonta. Ta sauko da kwamfutarta da takardar rahoton, ta kira Manaja gaban injin, ta ɗaga murya tana karantawa. Ta ce abin da awo ya nuna, wannan inji ya gaji ƙwarai, bugunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma akwai alamar ba ya samun isasshen mai. Shawararta a ba shi hutun mako biyu cur, a kula da shi, in ba haka ba wata rana zai faɗi ana tsakiyar aiki.

Ba ta rufe baki ba inji ya yi wata ƙara, ya tofar da hayaƙi, bel ya tsinke ya daki rufi. Inji ya tsaya cak.

Amma layi bai tsaya ba. Sai ma ya kama gudu.

Injiniya ta dubi mataccen inji, ta dubi allo. Ta kai hannu kan na'urar, sai kwali ya murƙushe a yatsunta, tsinken ashana biyu suka faɗo. Ta juyo a hankali ta dubi mutumin. Ta yi taku ɗaya wajensa, layi ya hau. Ta ƙara ɗaya, ya kusa fita daga allo.

"Malam, mene ne a aljihunka?"

Ya ciro ta da hannu biyu ya miƙa mata, da ɗuminta.

Ta zauna a kan buhu ta dafe kai, ta ce mako uku ke nan tana rubuta rahoto a kan ƙirjin mutum. Manaja kuwa ya kumbura, ya nuna ƙofa, ya ce ya tattara nasa ya nasa ya bar masa masana'anta yanzu-yanzu.

Mutumin ya durƙusa ya tsinci takardar da ta faɗi ƙasa, ya karkaɗe mata gari, ya miƙa wa Manaja.

"Ranka ya daɗe, a bi rahoto dai. Ni aka auna, kuma hutun mako biyu aka rubuta, ban ji an ce kora ba."