Laifin da Ke Kai Yaro Ɗakin Karatu

Jama'a, jiya tun da sassafe nake tura babur ɗina a layin mai, rana na gasa min ƙeya. Sai da na fara jin ƙamshin famfo, sannan wayar matata Nubia ta shigo: "Evaristo, bar abin da kake yi ka tafi makaranta, za su kori Yurleidis!" Haka na fita daga layi ina ji ina gani. Ɗan acaɓan da ke bayana har da yi min godiya, ɗan banza.

Yurleidis 'yata ce, shekararta goma, kuma duk unguwarmu an shaide ta da sanyin hali. Amma watan nan kamar an sauya min ita. Farko an ce ta yi dariya ana rera taken ƙasa. Aka sake kirana, wai ta jefi allo da ƙwallon mangwaro. Jiya kuwa damo ta kamo a bakin kogi, ta sake shi a aji, malamar lissafi ta haye tebur tana kiran sunayen waliyyai. A dokar makarantar, laifi na uku kora ce. Kuma in aka kore ta, wata makarantar sai an haye kogi da kwalekwale, kun kuwa san aljihun ɗan acaɓa.

Na tarar makarantar ta sha ado da balan-balan. Ashe Makon Karatu ake yi. An jera yara a rana suna riƙe da kwalaye masu cewa KARATU HASKE NE, ana jiran mai girma Sarkin Almakashi. Kun san shi, ba sai na faɗi suna ba. Bawan Allahn nan da in ya ga zare a miƙe, ko igiyar shanya ce, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Shi ya buɗe mana ɗakin karatun makarantar bara waccan. An buga ganguna, Fadan coci ya yayyafa ruwan albarka, aka ɗauki hoto, aka ci wainar masara, aka rufe ƙofa. An ma ɗauki mai kula da ɗakin, wani ɗan ƙanwar wani, yana can babban birni yana kula da shi daga nesa. Allah ya ƙara masa ƙarfin ido.

To, da yake duk makarantar ɗakin nan ne kaɗai ke da ƙofa mai kulluwa, sai aka damƙa makullin ga malamin horo, Malam Rigoberto. Yaron da ya yi laifi, can ake kulle shi, ya cika shafuka da "Ba zan ƙara ba". Haka aka yi mana muna yara, haka ake yi wa 'ya'yanmu: rubutu bulala ne, ɗakin karatu kuma gidan yari. Sannan a hau rediyo ana mamakin yadda yaran zamani suka tsani littafi.

A ofishin shugabar makaranta, Donya Hermelinda, na iske 'yata a tsaye, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ke, ruwa ba ya tsami banza. Faɗa min gaskiya a gaban malamanki, me ya shiga kanki?"

Ta ce, "Baba, saura kaɗan in gama."

"Ki gama me? Ki gama da ni?"

"Littafin. Ranar da na yi dariya aka kulle ni, na ga wani mai koren bango, labarin yarinyar da ta shiga teku neman yayanta. Aka buɗe ni ban kai ko rabi ba. Na roƙi Malam ya ara min, ya ce sai mai laifi ke shiga."

Malam Rigoberto ya zaro ido. "To, rubutun da nake ba ki fa?"

"Biro biyu nake ɗaurewa da roba, Malam, layi biyu a tare. In na gama da wuri sai in karanta."

Wallahi, ni da ban taɓa saya mata littafin labari ba, a gidanmu in ka cire kalandar mai kantin magani babu abin karantawa, ga shi 'yata tana kokawa da damo don ta ga ƙarshen labari. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Na cire hula na ce, "Ranki ya daɗe, abin ai da sauƙi. A ara mata littafin, in ya yage a kama ni."

Donya Hermelinda ta dafe ƙirji. "A ara? Kayan gwamnati? Haba Evaristo, so kake a yi waje da ni saura ƙiris in yi ritaya? Ba mai ikon fitar da littafi sai mai kula da ɗakin."

"To, a kira shi mana."

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba."

Muna cikin haka jiniya ta tashi, sai ga Sarkin Almakashi ya shigo shan iskar fanka kafin jawabi, 'yan hoto na take masa baya. Aka kwashe labari aka faɗa masa. Ni a wautata na ce faɗuwa ta zo daidai da zama: ga Makon Karatu, ga yarinya mai son karatu, ga mai iko. Ya jinjina kai, irin na masu zurfin tunani, sannan ya ce:

"Wannan babbar ɓaraka ce. Horon da yaro ke jin daɗinsa ai ba horo ba ne. In labari ya bazu, gobe kowane yaro zai zo da damo. A kwashe littattafan nan yau, a zuba a kwalaye, a kai sito. Yarinya kuwa, albarkacin wannan mako mai daraja, an yafe mata."

Aka tafa! Malam Rigoberto har da cewa, "Kai, ilimi dai ilimi ne, ranka ya daɗe." Ni kuma, kada in ɓoye muku, na rusuna na ce na gode, don kujerar 'yata a aji tana hannunsa. Ya shafa kanta aka ɗauki hoto, ita kuwa hawaye na zuba. Na tabbata gobe za ku gani a jarida, a ƙasa an rubuta hawayen farin ciki.

Da muka dawo gida na tsaya shagon maƙwabcina Anselmo mai aski, na zazzage masa komai. Ya ajiye reza ya ce, "Maƙwabci, kai dai ba ka iya godiya ba. Da, mai laifi ne kaɗai ke karatu, na kirki ba sa yi. Yanzu ba mai yi. In wannan ba adalci ba ne, mene ne?"

Na ce, "Gyaran gangar Auzinawa dai."

Ya ce, "A'a, ka bar ganga. Ita an ware mata kasafi."

Yurleidis kuwa ko abinci ba ta taɓa ba. Ta tsinto takardun Makon Karatu da iska ta watsar a titi, ta juya bayansu, ta zauna bakin ƙofa da biro ɗaya tak, wai za ta rubuta ƙarshen labarin da kanta. Ta rubuta ta soke, ta rubuta ta soke. Can ta ɗago ta ce, "Baba, nawa ba ya daɗi. Ni so nake in san ko ta ga yayan nata." Sannan ta matso kusa, ta rage murya don kada uwarta ta ji: "Wane laifi ake yi a kai mutum sito?"

Na ce, "Uwata, ci abincinki. Laifin da ke kai mutum inda aka ajiye kayan gwamnati ya fi ƙarfin yara. Bari sai kin girma an zaɓe ki."